Harshen Saniya

A ƙasan madatsar Dadin Kowa,
inda Gongola ke miƙe ƙafa bayan an sake ta,
akwai yashi mai laima da asuba, mai ƙuna da azahar.
Nan na san ki.

Ba kya miƙewa, kwanciya kike.
Rassa jajaye, kamar jijiyar bayan hannun tsohuwa,
suna rarrafe daga cibiya guda
zuwa duk inda ƙafa ba ta taka ba tukuna.
Ganye ƙanana, masu kauri, sumul,
kowanne da 'yar salkar ruwansa a ciki.

Ranin da na yi ƙodago a lambun Barde Sambo
ke ce abokiyar gabata.
Kwamin albasa arba'in da bakwai,
ni da fartanya da ciwon baya.
In tuge ki da hantsi, in wurga kan kunya,
saiwa sama, in bar wa rana sauran aiki.
Bayan kwana uku in dawo,
kin juya, kin kama ƙasa da gefen wuya,
har da fure, don tsabar raini.

Furen nan rawaya, bai kai ƙwayar wake ba,
yana buɗewa da hantsi,
kafin ladan ya gyara murya ya rufe shago.
Wanda ya makara zai rantse ba kya fure.
Sai ɗan ƙoƙon iri mai hula,
hula ta faɗi, baƙin iri ya watse
kamar an kifar da tandun kwalli.
Barde ya ce, "Ka bar ɗaya, ka shuka dubu."

Wata Laraba injin ban-ruwa ya mutu tsakiyar aiki.
Na sunkuya in ja igiya,
damtsena ya gaisa da salansa.
Ban yi ihu ba, don akwai yara a bakin ruwa,
amma idona ya kawo.

Goggo Dudu tana can bakin shinge da tsohon buhu,
ita ce kullum ke kwashe abin da na zubar,
ban taɓa tambayarta ina take kai shi ba.
Ta zo ba sallama, ta kama hannuna ta duba,
ta zaɓi waɗanda suka fi ƙiba cikin tarin,
ta ɗauraye a kwami,
ta murje tsakanin duwatsu biyu
har yauƙi ya fito kore, mai sanyin randa,
ta shimfiɗa a wurin, ta ɗaure da bakin gyale.
"Ita ma rana ke gasa ta," in ji ta,
"shi ya sa ta san kan wuta."

Washegari ta aiko jikarta da kwano:
ke ce a dafe, an matse, an kwaɗa da ƙuli,
albasar Barde a kai, da ɗan barkono.
Akwai tsami-tsami can ƙarshen harshe
wanda ban iya kwatanta shi da yakuwa ba.
Na cinye maƙiyiyata, na suɗe hannu.
Yarinyar ta ce ragowar ta agwagi ce
da wata tunkiya mai shayarwa.

Barde bai sauya ra'ayi ba, ni ma ban daina cira ba,
albasa ba ta son maƙwabta.
Sai dai tarin nake ajewa a inuwa,
kusa da shinge, inda buhu zai kai ba wahala.

Yanzu ina gyaran injina a Pantami.
Tabon yana nan, shafe, kamar tsohon kwabo.
An ce Goggo ta rasu damina biyu da suka wuce,
labarin ya iso ni a makare, a bakin mai albasa.

Jiya, gindin famfo, a tsagar siminti,
na ga jan reshe, ganye shida.
Yaron shagona ya ɗaga ƙafa.
Na ce, "Tsallaka, Iliya.
Gobe ka zo da wuri, akwai abin da zan nuna maka
kafin azahar."